Rohingya: takarda ta riga harsashi

Idan aka ambaci Rohingya, Musulmin yammacin ƙasar Myanmar, a ƙasar Hausa, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne daminar 2017: ƙauyuka suna ci da wuta, samari sun saɓo tsofaffinsu a cikin kwando, mata da goyo suna ƙetare kogin Naf zuwa Bangladesh. Hotunan sun zagaya wayoyinmu, limamai sun yi huɗuba, an yi alƙunutu a masallatai. Kuma abin ya kai a yi. Ranar 25 ga Agusta na waccan shekara, wata ƙungiyar 'yan bindiga ta Rohingya mai suna ARSA ta kai hari ofisoshin 'yan sanda kusan 30 a jihar Rakhine ta ƙasar Myanmar, ta kashe jami'an tsaro 12. Sojoji suka huce a kan al'umma gaba ɗaya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ƙiyasta cewa a watan farko kaɗai an kashe aƙalla mutum 6,700, cikinsu har da yara 730 da ba su kai shekara biyar ba. Fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa yankin Cox's Bazar na Bangladesh, inda sansanin Kutupalong ya zama sansanin 'yan gudun hijira mafi girma a duniya.

Sai dai a ganina, wanda ya ɗauko labarin nan daga 2017 ya iso ne ana shirin tashi. An gama da Rohingya shekara 35 kafin wannan rana, a cikin ofis, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Wannan ɓangaren ne ba mu cika magana a kai ba, kuma ina zargin dalilin shi ne ya yi kama da wani abu da muke yi a gida.

Lokacin da Burma, kamar yadda ake kiran ƙasar a da, ta samu 'yancin kai daga Ingila a 1948, Musulmin Arakan, wato Rakhine ta yau, 'yan ƙasa ne kamar kowa. Suna zaɓe, ana zaɓensu, suna da wakilai a majalisa. Ɗaya daga cikinsu, Sultan Mahmud, ya riƙe ministan lafiya a gwamnatin Firayim Minista U Nu. Gidan rediyon gwamnati yana gabatar da shiri da harshen Rohingya a farkon shekarun 1960. A wannan shekara ta 1948 ɗin ce kuma Burma ta jefa ƙuri'ar amincewa da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sashe na 15 nata ya ce kowane mutum yana da haƙƙin ya zama ɗan wata ƙasa, kuma ba a ƙwace masa wannan haƙƙi da ƙarfin tsiya.

Janar Ne Win ya yi juyin mulki a 1962. A 1978 sojojinsa suka shiga Arakan da sunan tantance baƙin haure, mutum wajen 200,000 suka gudu Bangladesh. Yawancinsu sun dawo, sai a 1982 aka yi dokar zama ɗan ƙasa wadda ita ce tushen komai. Dokar ta ce cikakken ɗan ƙasa shi ne ɗan ƙabilar da ta zauna a Burma kafin 1823, wato kafin yaƙin farko da Turawan Ingila. Daga baya hukuma ta fitar da jerin ƙabilu 135 da ta yarda da su, babu Rohingya a ciki. Wanda ba ya cikin jerin, sai ya kawo hujjar cewa iyayensa da kakanninsa suna ƙasar kafin 1948, sannan a ba shi matsayi na ƙasa-ƙasa. Ka duba fa, manomi ne ko masunci a ƙauyen da damina ke cinye bukkarsa duk shekara, aka ce ya kawo takardar kakansa. A cikinmu nan mutum nawa ne za su iya fito da takardar haihuwar kakansu?

Abin da ya biyo baya ba ya shiga labaran rediyo, domin babu jini a cikinsa. Ɗan Rohingya a garuruwan Maungdaw da Buthidaung ba ya zuwa gari na gaba sai da takardar izini, kuma sai ya biya. Ba ya aure sai hukuma ta yarda, yardar kuma tana iya ɗaukar shekaru da cin hanci. Ana sa ma'aurata su sa hannu cewa ba za su wuce 'ya'ya biyu ba. Jami'an tsaron kan iyaka suna zagayawa gida-gida suna ƙirga mutane suna ɗaukar hoton iyali, wanda ba a same shi a gida ba ana iya soke sunansa daga rajista, ɗan da aka haifa ba da izinin aure ba kuma ba a rubuta shi sam. Aikin gwamnati babu. Bayan rikicin 2012, wanda ya raba mutum wajen 140,000 da gidajensu, aka killace Musulmin birnin Sittwe a sansanoni, aka hana 'ya'yansu shiga jami'ar garin. A ƙidayar 2014 aka ce duk wanda ya kira kansa Rohingya ba za a ƙirga shi ba, sai dai ya ce shi Bengali ne, wato baƙo daga Bangladesh. A 2015 aka soke farin katin wucin gadi da suke riƙe da shi tun tsakiyar shekarun 1990, wanda da shi suka yi zaɓe a 2010. Saboda haka zaɓen Nuwamban 2015, wanda duniya ta yi ta tafi saboda jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta lashe, an yi shi ne Rohingya na kallo. Jam'iyyar tata ko Musulmi ɗaya ba ta tsayar takara ba.

To, sojan da aka tura ƙauye a 2017 ya tashi ne tun yana yaro yana jin cewa mutanen nan ba 'yan ƙasa ba ne. Dokar ƙasarsa ta faɗa, littafin makaranta ya faɗa, malaman addinin Buddha masu zafin ra'ayi irin su Wirathu sun faɗa a wa'azi, Facebook ya yayata, har kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shi a hura wutar gaba. Shi a ransa ba maƙwabcinsa yake kora ba, baƙon haure yake mayarwa inda ya fito. Maƙwabta kuma suka tsaya kallo da wannan tunanin. 'Yan jarida biyu na Reuters, Wa Lone da Kyaw Soe Oo, da suka tono kisan maza goma a ƙauyen Inn Din, su aka ɗaure, suka shafe fiye da kwana 500 a kurkuku.

Ana cewa haƙƙin ɗan Adam na kowa ne, ana haihuwar mutum da shi. A rubuce haka ne. A aikace kuwa kowane haƙƙi yana da ofishin da ake karɓarsa: kotu, asibiti, makaranta, caji ofis, rumfar zaɓe. Kuma a ƙofar kowane ofis akwai mai tambaya, kai ɗan ina ne, ina takardarka? Wanda ba shi da amsa ba shi da inda zai kai kuka, ko da duk yarjejeniyoyin Janiba na goyon bayansa. Shi ya sa 'yan gudun hijirar Cox's Bazar suka ƙi hawa motocin da aka jera domin mayar da su gida a Nuwamban 2018, suka sake ƙi a Agustan 2019. Ba daɗin sansani suke ji ba. Bukkokin gora da leda ne a kan tudun da ruwa ke zaftarewa, gobara ta cinye dubban bukkoki a Maris na 2021, a 2023 kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta rage kuɗin abincin mutum ɗaya daga dala 12 a wata zuwa dala 8 saboda masu ba da agaji sun janye hannu. Duk da haka sharaɗinsu na farko bai sauya ba: a mayar musu da matsayinsu na 'yan ƙasa. Sun koma a 1979, sun koma bayan gudun 1991 da 1992, duk ba tare da wannan ba, sun ga yadda aka ƙare.

Abin dariya mai ban kuka ya faru a 2024. Sojojin Myanmar, waɗanda suka ƙwace mulki a Fabrairun 2021, da suka ga mayaƙan Arakan Army, ƙungiyar 'yan tawayen ƙabilar Rakhine, suna cin su da yaƙi, sai suka farfaɗo da dokar tilasta wa 'yan ƙasa shiga soja, suka bi sansanoni suna kwasar samarin Rohingya suna tura su bakin daga. Mutumin da ba ɗan ƙasa ba ne ranar zaɓe, ya zama ɗan ƙasa ranar mutuwa.

Wannan dabara ba Myanmar ce ta ƙirƙiro ta ba. Jamus ta fara da dokokin Nuremberg na 1935 da suka cire Yahudawa daga cikakkun 'yan ƙasa, shekaru kafin sansanonin kisa. Kotun tsarin mulki ta Jamhuriyar Dominika ta yanke hukunci a 2013 da ya tuɓe wa dubban mutane masu asalin Haiti matsayinsu, har ta koma baya zuwa 1929. A jihar Assam ta Indiya, rajistar da aka fitar a Agustan 2019 ta bar mutum miliyan 1.9 a waje. A Kuwait akwai Bidun, an haife su a can, an haifi iyayensu a can, ba su da ƙasa. A Kodebuwa, maganar wane ne ɗan ƙasa na asali ce ta hana Alassane Ouattara takara a 2000, ta kuma taimaka wajen jefa ƙasar cikin yaƙi.

Akwai kuma abin da ba ma son ji game da 'yan'uwa Musulmi. Bangladesh ta buɗe iyakarta ga mutanen da yanzu suka haura miliyan ɗaya, kuma ƙasa ce mai fama da kanta, wannan a yaba mata. Amma ba ta kiran su 'yan gudun hijira a hukumance, ba ta ba su izinin aiki, ta kwashe wasu zuwa tsibirin Bhasan Char. Maleshiya ta kora jiragen ruwansu cikin teku. Saudiyya ta tsare wasu a Jidda ta tasa ƙeyarsu zuwa Bangladesh, ƙasar da ba tasu ba. A Disamban 2023 ɗalibai a Banda Aceh ta Indunusiya suka afka wa wurin da aka sauke mata da yaran Rohingya, suka tilasta a kwashe su. Imani ɗaya, alƙibla ɗaya, amma da aka zo bakin iyaka fasfo aka tambaya. Ƙasar da ta yi abin a zo a gani ita ce Gambiya, 'yar ƙaramar ƙasa a nan yammacin Afirka. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, wanda ya yi aiki a kotun da ta saurari kisan ƙare dangi na Ruwanda, ya ziyarci sansanonin, ya ce abin da ya ji ya tuna masa da can. Ranar 11 ga Nuwamba 2019 Gambiya ta maka Myanmar a Kotun Duniya da ke Hague, da goyon bayan Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Aung San Suu Kyi, mai lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ta je da kanta ta kare sojojin. A Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta kare Rohingya da suka rage. Umarnin bai mayar da kowa gida ba, amma ya sa an rubuta abin da aka yi musu a kundin da ba a gogewa.

Yanzu bari mu dawo inda zancen ya shafe mu.

Bahaushe ya san ɗacin a ce masa baƙo a inda aka binne cibiyarsa. Hausawan Sudan jikokin maniyyata ne da suka yada zango a hanyar Makka, da kuma waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Fiye da shekara ɗari ke nan. Amma a Yulin 2022, da suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu a jihar Blue Nile, amsar da suka samu ita ce ba su da ƙasa a nan. An kashe mutum fiye da ɗari a rikicin farko, a Oktoba kuma aka sake kashe wasu da yawa a yankin Wad al-Mahi. A Gana, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta fatattaki mutanen zango da yawa waɗanda ba su san wata ƙasa ba. A Jos, jikokin waɗanda suka zo haƙar kuza tun farkon mulkin Turawa har yau suna fama da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ce ta ci mutum kusan 1,000 a Satumban 2001, ta sake cin ɗaruruwa a Nuwamban 2008. A Janairun 2021 aka ba Fulanin Igangan a jihar Oyo wa'adin kwana bakwai, wata guda bayan nan kasuwar Shasha ta Ibadan ta kama da wuta. Duk wannan muna faɗa, kuma muna da gaskiya.

Amma laifi tudu ne. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda kakansa ya zo aikin jirgin ƙasa, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, idan ya zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya tafi Anambra ko Ondo ya karɓo takarda, garin da bai taɓa kwana ba. Can ma su ce ba su san shi ba. Kuma kada mu manta, a watan Yunin 2017, wata biyu da 'yan kwanaki kafin mu fara kukan Rohingya, gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta taru a Kaduna ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye wa'adin daga baya, alhamdu lillahi. Amma mutane da yawa da suka yi ta yaɗa hotunan Rakhine a watan Satumba su ne suka yi wa wancan wa'adi tafi a watan Yuni, kuma ba su ga wata alaƙa ba. Gwamnatinmu ma ta taɓa gwada abin a kan mutum guda: a Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Chadi, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Laifinsa na gaskiya shi ne adawa. Sa'arsa ɗaya, kotu ta tsaya, ta ce a dawo da shi. Bayan shekara uku gwamnatin Shagarin nan ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Gana.

Ban ce Najeriya Myanmar ce ba. Ɗan Sabon Gari yana da fasfo, yana da katin zaɓe, yana sayen fili, yana iya zuwa kotu. Bambancin yana da girma, kuma duk wanda ya shafe shi ya zalunci Rohingya. Abin da nake cewa shi ne tambayar ɗaya ce: ba inda aka haife ka ko inda kake biyan haraji ake dubawa ba, inda kakan kakanka ya fito ake dubawa. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa ko yanayin haihuwarsa, sai kuma a sashe na 147 ya ce minista dole ya zama ɗan asalin jiharsa. Wane ne ɗan asali a aikace? An bar wa shugaban ƙaramar hukuma da mai unguwa su yanke, wato an damƙa makomar yaro a hannun ɗan siyasar da ke lissafin ƙuri'a.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba na raina ta. 'Yan Rakhine mabiya Buddha su ma talakawa ne, su ma tsiraru ne a Myanmar, sarakunan Burma sun ci masarautarsu da yaƙi a 1784, Turawa kuma sun shigo da ma'aikata masu yawa daga Chittagong, sannan an yi kashe-kashe tsakanin ɓangarorin biyu a 1942 wanda kowa ke tuna nasa mamatan. Tsoronsu shi ne a wayi gari sun zama 'yan kallo a ƙasar kakanninsu. Irin wannan tsoron ne Berom da Anaguta da Afizere suke da shi a Filato, kuma ƙaramar ƙabila da ke ganin babbar ƙabila na ƙaruwa a gabanta ba hauka take yi ba in ta ji tsoro. Sai dai a duba abin da maganin ya haifar. 'Yan Rakhine ba su yi arziki ba don an tuɓe Rohingya, jiharsu tana cikin mafi talauci a ƙasar, kuma sojojin da suka kori Musulmi su ne suka koma suna jefa musu bama-bamai. Jos ba ta zauna lafiya ba don an hana wasu takarda, unguwanni aka raba, kowa ya san titin da ba ya bi in an yi duhu.

Ana iya raba abubuwan biyu. Sarautar gargajiya da wuraren tsafi ko ibada na kaka da kakanni da gonakin gado su zauna a hannun masu su, doka ta kare su sosai. Amma makarantar gwamnati, da tallafin karatu, da aikin ma'aikatar jiha, da takarar kansila, waɗannan da kuɗin harajin duk mazauna ake yin su, don haka duk wanda aka haifa a wuri ko ya shekara goma yana zaune yana biyan haraji ya cancanci ya shiga layi. Kenya ta nuna ana iya gyara: 'yan Makonde, waɗanda kakanninsu suka zo daga Mozambik aikin gonakin Turawa, sun yi tattaki daga Kwale zuwa Nairobi a 2016, shugaba Uhuru Kenyatta ya amince da su a matsayin 'yan ƙasa, aka ba su katin shaida a 2017.

A nan gida, ba sai an jira gyaran tsarin mulki ba, majalisar jiha tana iya yin doka a kan wanda ya cancanci guraben jiharta. Kuma in da za a tambaye ni wace jiha ce ya kamata ta fara, Kano zan ce, domin birnin da kansa da baƙi aka gina shi, sunayen unguwanninsa kuma sun isa shaida: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa na Larabawan Tarabulus, Ayagi ta Yarabawa. Jikokin waɗannan duk Kanawa ne yau, ba wanda ke tura su Bida ko Agadas karɓo takarda. Sabon Gari ya haura shekara ɗari da kafuwa, jikokinsa ne kawai har yanzu ake turawa.